Filin Tambaya da Amsa: Na'urar Gano Tururin Nukiliya a Ƙofar Juji

Tambaya: Ina aiki a sikelin awon motoci na wani babban juji. An ce za a girka mana na'urar gano tururin nukiliya. Ta yaya take sanin abin da ke cikin mota a rufe, kuma me zai kawo irin wannan abu cikin shara?

Amsa: Malam, abin da ke kawo shi yawanci sakaci ne. Asibitoci da masana'antu suna aiki da ƙananan kwansunan ƙarfe masu ɗauke da siziyam-137 ko kobal-60, sinadarai masu fitar da tururin nukiliya, don gasa ciwon daji ko auna kaurin ƙarfe. Idan wuri ya rufe aka manta da kwanson, sai ya bi tsofaffin ƙarafa. A Satumbar 1987, a birnin Goyaniya na Burazil, masu tsintar ƙarafa sun fasa injin wani asibiti da aka yi watsi da shi. Mutum 4 suka rasu, sai da aka duba mutum kusan 112,000. A 1998 wata masana'antar ƙarfe a kudancin Sifaniya ta narka siziyam ba da sani ba, har aka ji alamarsa a iskar Faransa da Italiya.

Na'urar kuwa ginshiƙai biyu ne, ɗaya a kowane gefen hanya, mita 4 zuwa 5 tsakaninsu. A cikin kowane akwai faffaɗan allo na wata roba ta musamman da ake kira PVT. Hasken gama, wato nau'in tururin nukiliya da ke ratsa jikin mota, idan ya faɗa kan allon sai ya yi ɗan walƙiyar da ido ba ya gani. Wani bututu da ke manne da allon yana mai da walƙiyar wutar lantarki, kwamfuta na ƙirga sau nawa aka yi a daƙiƙa. Ana lulluɓe bayan allon da dalma don ya fi jin abin da ke fitowa daga ɓangaren motar.

Wuyar aikin tana wajen saiti. Ƙasa da duwatsu da sararin sama kullum suna fitar da nasu tururin, don haka na'urar takan riƙa auna wannan a matsayin ma'auni lokacin da babu mota. Amma mota mai lodi, da zarar ta shiga tsakani, tana tare wani ɓangare na tururin ƙasa, sai ƙirgen ya sauka. Ƙaramin kwanso da ke binne a tsakiyar lodi yana iya ɗaga ƙirgen ya koma daidai inda yake a da, ƙararrawa ba ta yi motsi ba. Saboda haka na'ura mai kyau tana da idon da ke gane shigowar mota ta gyara lissafi. Ruwan sama ma yana rikita ta, domin yana sauko da burbushin radon, wata iska mai fitar da tururin nukiliya, ma'aunin ya hau na 'yan sa'o'i.

Abin da ke hannunku ku masu ƙofa shi ne gudu. Kada mota ta wuce kilomita 8 a sa'a, kuma ɗaya bayan ɗaya. Direba ya ratsa a guje, na'urar ba ta sami lokacin ƙirga komai ba. A sa tudun rage gudu kafin ginshiƙan, kuma a riƙa gwada na'urar kullum da ɗan ƙaramin kwanson gwaji.

Tambaya: Idan ƙararrawar ta kaɗa, mu kori motar ta koma inda ta fito?

Amsa: A'a, Malam, wannan shi ne kuskuren da muka fi tsoro. Direban da aka kora yana iya juye lodin a bayan gari, inda yara ke tsince-tsince. A sa ya sake ratsawa a hankali. Idan ta sake kaɗawa, ya ajiye motar a keɓaɓɓen wuri, ya sauka ya yi nisa, a auna shi shi kaɗai. Sau da yawa direban ne aka yi wa hoton asibiti da allurar teknishiyam a kwanakin. Daga nan wanda aka horar ya zagaya motar da na'urar hannu mai ƙwayar sodiyam ayodaid, wadda ke faɗin sunan sinadarin, abin da allon roba ba ya iyawa.

Yawancin ƙararrawa a juji ba ta haɗari ba ce. Ƙunzugu ko tsumman majinyacin da aka ba aidin-131 don ciwon maƙoƙo ne, ko takin zamani mai fotasiyam, ko tayil da tangaran. Ƙarfin aidin-131 yana raguwa da rabi duk kwana 8, bayan kwana 80 saura kashi ɗaya cikin dubu. Na teknishiyam sa'a 6 ne kacal. Waɗannan biyun ajiya kawai suke buƙata. Siziyam-137 kuwa sai shekara 30 kafin ya ragu da rabi, kobal-60 shekara 5 da 'yan watanni. Idan ɗayansu ne, a killace wurin da igiya, a kira hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, kada kowa ya tona lodin ko ya taɓa ƙarfe da hannu. Nisa kariya ce babba: ka ninka tazararka, abin da ke isowa jikinka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce. Idan na'urar ta yi shiru, an tabbata lodin lafiya yake?

Amsa: Ba a tabbata ba, Malama. Sinadaran da ke fitar da alfa ko beta kaɗai, wato nau'o'in tururin da ba su kai gama ƙarfin ratsawa ba, kamar tiritiyam, tururinsu ba ya fita daga jikin mota. Amerisiyam-241 yana da gama, amma mai rauni ne, ƙarfe kaɗan ya tare shi. Kwanson da har yanzu yake cikin tukunyarsa ta dalma shi ma yana iya wucewa. Don haka masu ƙera na'urorin suke ƙara wasu a bakin ƙugiyar da ke ɗibar ƙarafa da kan bel ɗin da ke jan shara, inda lodi ya baje ya kusanci na'ura. Kuma a koya wa ma'aikata su tsaya idan sun ga ƙaramin abu mai nauyin da ya wuce girmansa, ko tambarin gargaɗin tururin nukiliya mai fukafukai uku a kan rawaya.