Tambayoyin Masu Karatu: Kundin Jupyter da Shafukan Wiki

Wasiƙun da aka zaɓo wa filin a wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda ake haɗa kundin rubuta umarnin kwamfuta, irin na Jupyter, da shafukan ilimi da jama'a ke haɗa hannu su rubuta, irin su Wikipedia da Wikidata.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin jami'a ne, kuma ina ɗan taɓa gyara a Wikipedia ta Hausa. Ina yawan jin manyan editoci suna ambaton Jupyter da PAWS, suna cewa da su suke zaƙulo maƙalolin da ba a rubuta ba. Mene ne waɗannan abubuwa, kuma shin sai na mallaki kwamfuta mai ƙarfi kafin in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kundin Jupyter shafi ne da ake buɗewa a cikin burauza, wanda aka kasa shi akwati-akwati. A wani akwatin ana rubuta bayani da harshen mutane, a wani kuma ana rubuta umarnin kwamfuta, galibi da harshen Python, kuma da zarar an ce wa akwatin ya yi aiki, sakamakon zai bayyana a ƙarƙashinsa nan take, ko jadawali ne, ko zane, ko taswira. Asalinsa IPython ne, wanda Fernando Pérez ya fara a shekarar 2001, sannan a 2014 aka ware aikin Jupyter domin ya ɗauki wasu harsunan kwamfuta ban da Python. PAWS kuwa shi ne Jupyter ɗin da Gidauniyar Wikimedia ta ajiye kyauta a kan sabobinta, wato manyan kwamfutocinta da ake isa gare su ta intanet. Da asusunka na Wikipedia za ka shiga, kuma tun da aikin lissafin a can sabar yake gudana, kwamfutarka ba ta buƙatar wani ƙarfi da ya wuce na buɗe shafin intanet. A ciki za ka tarar an riga an girka Pywikibot, wato tarin kayan aikin Python da aka yi musamman domin karantawa da rubutawa a shafukan da ke kan MediaWiki, manhajar da Wikipedia take gudana a kanta.

Bari mu ɗauki aikin da ka ambata mu bi shi daki-daki. A ce kana son jerin sunayen likitoci mata da suke da maƙala a wasu harsuna amma babu a Hausa. Wurin da za ka nemi amsar shi ne Wikidata, rumbun bayanan da aka buɗe a watan Oktoba na 2012, wanda yanzu yake ɗauke da abubuwa fiye da miliyan 100, kowanne da lambarsa mai farawa da harafin Q, kowace siffa kuma da lambarta mai farawa da P. A akwati na farko sai ka rubuta, da Hausa, abin da kake nema da dalilin nemansa. A na biyu ka rubuta tambayar da SPARQL, harshen da ake yi wa Wikidata tambaya da shi: a kawo duk abin da P31 ɗinsa, wato nau'insa, ya zama Q5, wato ɗan Adam, wanda P21 ya nuna mace ce, P106 kuma ya nuna sana'arta likitanci, sannan a cire daga jerin duk wadda take da mahaɗi zuwa Wikipedia ta Hausa. A akwati na uku ka zuba amsar cikin jadawali da pandas, kayan aikin Python na tsara bayanai, ka jera sunayen bisa yawan harsunan da suka rubuta game da kowacce, domin wadda harsuna da dama suka rubuta tarihinta ita ce za ka fi samun majiyoyi a kanta. Ka sani cewa sashen amsa tambayoyi na Wikidata yakan katse duk tambayar da ta wuce daƙiƙa 60 ba ta kammala ba, saboda haka idan taka ta katse, ka ƙuntata ta da ƙarni ɗaya ko nahiya ɗaya, ka sake aikawa.

Abin da ya sa nake fifita kundi a kan tambayar da aka yi aka rufe shafi shi ne, hanyar da ka bi tana nan a rubuce tare da sakamakon. Editan da ya yi shakkar jerinka ba sai ya dogara da maganarka ba, zai iya buɗe kundin ya ga inda ka tace da inda ka bari, kuma wannan ya dace da tsarin wiki, inda ba a karɓar magana sai da majiya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malama ce, kuma na shirya kundi domin in nuna wa ɗalibaina yadda ake ƙirga abubuwa daga Wikidata. Bayan 'yan makonni na sake gudanar da shi, sai alƙaluman suka bambanta da na farko, wata abokiyar aikina kuma da ta gwada shi sai ya tsaya mata a tsakiya. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, barka kadai. Matsalolin biyu ne, kuma ba tushensu ɗaya ba. Canjin alƙaluman ba laifin kundinki ba ne, domin Wikidata ba ta tsayawa wuri ɗaya: dare da rana ana ƙara abubuwa, ana haɗe waɗanda aka yi wa lamba biyu bisa kuskure, ana goge waɗanda ba su cancanta ba. Maganinsa shi ne ki rubuta ranar da kika yi tambayar a saman kundin, ki kuma ajiye amsar wannan rana a fayil na CSV, wato fayil ɗin jadawali mai sauƙi, kusa da shi, ta yadda akwatunan ƙirge da zane za su riƙa karantawa daga fayil ɗin, akwatin da ke zuwa intanet kuma ya zama ba a taɓa shi sai an yi niyyar sabunta bayanai. Idan maƙalar Wikipedia kike ɗaukowa, ki riƙe lambar sigar da kika karanta, domin kowane gyara da aka ajiye a MediaWiki yana da lambarsa ta dindindin, kuma da ita ake komawa ga rubutun kamar yadda yake a wancan lokaci.

Tsayawar da ya yi wa abokiyar aikinki kuwa sanannen ciwon kundin Jupyter ne. Kundin yana ƙyale mutum ya gudanar da akwatuna ba bisa jeri ba, kuma injin da ke bayan fage yana riƙe duk abin da aka taɓa lissafawa, ko da an goge akwatin da ya lissafa shi. Saboda haka yana yiwuwa akwatinki na shida ya dogara da wani abu da kika rubuta kika share, wanda yake raye a ƙwaƙwalwar injin a zamanki, amma babu shi a zamanta. Ki dubi lambobin da ke gefen hagu na akwatunan. Idan kika ga 1, 2, 9, 4, to an yi tsallake. Kafin ki ba kowa kundi, ki zaɓi umarnin da ke sake kunna injin ya gudanar da akwatuna duka daga sama zuwa ƙasa, kuma kada ki raba shi sai ya kai ƙarshe ba tare da ya tsaya ba.

Akwai kuma abin da nake roƙon ki faɗa wa ɗaliban, wanda a ganina ya fi waɗannan biyun nauyi. Ƙirgen da suka samo ƙirgen abin da aka shigar a Wikidata ne, ba ƙirgen abin da ke duniya ba. Idan jadawali ya nuna wani yanki yana da marubuta kaɗan, mai yiwuwa masu shigar da bayanai ne ba su kai gare shi ba tukuna, kuma ya kamata a rubuta wannan gargaɗi a ƙarƙashin kowane zane.

Tambaya: Malam, na haɗa bayanan makarantu masu yawa a jadawali, kuma na koyi yadda Pywikibot ke rubutawa a wiki. Zan iya sakin kundina ya shigar da su gaba ɗaya a dare ɗaya?

Amsa: Injin zai iya, amma ina ba ka shawara da babbar murya kada ka yi haka. Karantawa daga wiki abu ne da aka buɗe wa kowa muddin bai takura wa sabar ba, rubutawa mai yawa ta hanyar inji kuwa yana da ƙa'ida. Wikidata da mafi yawan shafukan Wikipedia suna da dokar bot, wato shirin kwamfuta mai yin gyara da kansa, dokar kuma ta tanadi cewa mai son yin gyare-gyare masu yawa kai tsaye ya buɗe wa bot ɗin asusu na daban, ya bayyana wa al'ummar shafin aikin da zai yi, ya yi 'yan gyare-gyaren gwaji a duba, sannan ya jira amincewa. Duk gyaran da ka yi daga PAWS da sunan asusun da ka shiga da shi zai fito, kuma idan kuskure ɗaya a layi ɗaya na umarninka ya maimaitu a dubban shafuka, 'yan sa-kai ne za su kwana suna sharewa, mai gudanarwa kuma yana da ikon toshe asusun.

Wannan taka-tsantsan ba daga sama ya faɗo ba. A 2002 wani bot mai suna Rambot ya ƙirƙiri maƙaloli kusan 30,000 a Wikipedia ta Turanci game da garuruwan Amurka daga bayanan ƙidayar jama'a, daga baya kuma Lsjbot na Sverker Johansson ya rubuta miliyoyin gajerun maƙaloli a Wikipedia ta harshen Suwidin da ta Sebuwano. Editocin Suwidin sun dawo sun goge da yawa daga cikinsu, domin yawan shafuka ya fi ƙarfin hannayen da za su kula da su. Ƙaramar Wikipedia mai editoci kaɗan ta fi kowacce shiga wannan haɗari, kuma shi ya sa na dage a kan batun.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce ka fara a shafukan gwaji da Wikimedia ta tanada, ko a abin gwaji na Wikidata mai lamba Q4115189, inda kuskure ba ya cutar da kowa. Ka sa kundin ya fara buga abin da yake shirin rubutawa ba tare da ya ajiye ba, ka karanta da idonka. Ka sa ya binciki kowace makaranta ko tana da lamba tun da farko, domin maimaita abu ɗaya sau biyu yana daga cikin ɓarnar da aka fi yi. Kowane bayani ya tafi da majiyarsa, kowane gyara ya tafi da taƙaitaccen bayanin dalilinsa, kuma kada ka cire jinkirin da Pywikibot ke sakawa tsakanin gyara da gyara. Ka kuma tabbatar kana da haƙƙin sakin bayanan, domin Wikidata tana ƙarƙashin CC0, wato abin da ya shiga ya zama na kowa ba tare da sharaɗi ba, saɓanin rubutun Wikipedia da ke ƙarƙashin CC BY-SA, wanda yake wajabta ambaton marubuta da sakin abin da aka gina a kansa bisa lasisi iri ɗaya. Idan bayanan ba su da yawa sosai, QuickStatements ko OpenRefine, manhajojin da ke shigar da bayanan jadawali a Wikidata, za su iya yi maka aikin ba tare da ka rubuta bot ba, ko da yake su ma alhakin abin da suka shigar yana wuyanka.

Tambaya: Malam, na saba da Google Colab. Akwai dalilin da zai sa in koma PAWS?

Amsa: Idan karanta bayanai da zana su kawai kake yi, Colab, wato kundin Jupyter da Google ke samarwa a intanet, ya wadatar, kuma fayil ɗin kundin iri ɗaya ne, mai ƙarewa da ipynb, saboda haka kana iya ɗaukarsa daga nan zuwa can. Abin da ake nema daga gare ka shi ne buƙatun da kake aikawa sabar Wikimedia su ɗauki sunan shirinka da hanyar tuntuɓarka, domin ana iya tare waɗanda ba su bayyana kansu ba. PAWS ya fi sauƙi idan za ka yi gyara, tun da shigar da ka yi da asusunka ta wadatar ba sai ka rubuta kalmar sirri a cikin kundi ba. Sai dai fayilolin da ke PAWS a buɗe suke ga duk mai son dubawa, don haka kada ka ajiye kalmar sirri, ko mabuɗin wata manhaja, ko bayanan wasu mutane a cikinsa.