Tambaya da Amsa: Zan iya yi wa kalifar birki fenti a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Ford Mustang ƙirar 2015, sai ƙarshen mako nake fito da ita. Ina so in yi wa kalifar birkinta jan fenti da kaina a gida, shin fentin gwangwani na kasuwa zai yi? Kuma me ya kamata in duba kafin hunturu ya shigo? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Za ka iya, amma don Allah ka manta da fentin da ake fesa wa ƙofa da gadon ƙarfe, kalifa, wato ƙarfen nan da ke matse fad ɗin birki a jikin faifai don mota ta tsaya, tana ɗaukar zafi sosai, kafin ka ankara ya ɓaɓɓake ya fara ɓarewa. Ka nemi wanda aka yi musamman don kalifa, irin na kamfanin VHT da ke jure zafi har wajen digiri 480.

Aikin ma ba a feshin yake ba wallahi, a wanki yake. Ka ɗaga motar ka ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, kar ka yarda da jak shi kaɗai, sannan ka cire taya ka bi kalifar da buroshin ƙarfe har sai tsatsa da baƙar ƙurar nan ta fad sun fita, ka fesa maganin wanke birki ka bari ya bushe, in ka goga farin tsumma ka ga ya yi baƙi to da saura, sake. Daga nan ka rufe faifan birki da fad da robobin fistin da ɗan notin da ake fitar da iska, da jarida da salatif. Nan ne nake jin tsoro, domin fenti a kan faifai ko fad rage kamun birki yake. In kuma ka kwance kalifar kar ka bar ta tana reto a jikin tiyo, ɗaure ta da waya.

Feshi sama-sama, sau uku, da tazarar kamar minti 15, ka bar ta ta kwana ta wuni kafin ka hau titi. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke ƙura ba ta sauko ba, don in hazo ya kama ka fentin zai fito da tsakuwa-tsakuwa.

Tunda taya na ƙasa, duba man birki, ni a wurina ya fi fentin muhimmanci nesa ba kusa ba. Yana zuƙar danshin damina, man birki samfurin DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa amma in ya sha ruwa yana iya saukowa 155, shi ne za ka taka birki ka ji ya yi lagwab. A canja shi duk shekara 2, kuma kar ya ɗiga kan sabon fentinka, cinye shi zai yi.

Sauran kuwa, filtar iska da baƙin mai da ruwan lagireto, sai batir tunda motar ta fi zama a ajiye. Ka leƙa gefen taya akwai lamba huɗu, misali 2319 na nufin an yi tayar a mako na 23 a 2019, in ta haura shekara 6 a sa mata ido ko da zanenta bai cinye ba.