Data Tana Ƙarewa a Shagona, Ban San Wa Ke Shanye Ta Ba

"Assalamu alaikum. Ina da shagon kwamfuta a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, yara na zuwa gwajin jarrabawar JAMB, wasu kuma cike-ciken intanet. Kujeru 12 ne, amma uwar kwamfuta ɗaya ce, sauran ƙananan akwatunan NComputing ne. Datar wata ba ta kai mu sati biyu. An ce in sayi rautar MikroTik in kama masu kallon bidiyo. In saya?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe kuɗinka tukuna, don rauta, wato na'urar da ke raba wa kwamfutoci intanet, ita kaɗai ba za ta nuna maka mai laifin ba.

Akwatin da ke bayan kowane allo ba ya hawa intanet da kansa. Hoto kawai yake karɓowa, ya mayar da abin da yaro ya danna. Duk burauzar da aka buɗe, a cikin uwar take aiki, saboda haka kujeru 12 ɗin nan da adireshin IP ɗaya suke fita, wato lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet. Kamar motar haya ce daga Katsina zuwa Daura: mai tsaron shinge lambar mota yake gani, bai san wa ke zaune a baya ba. Rauta za ta ce maka uwar ta sha data kaza, shi ke nan. In ka toshe YouTube a rautar, ka toshe wa kowa, har da ɗalibin da ya biya don kallon darasin lissafi.

Abin da kake buƙata mai gadi ne da zai tambayi kowa sunansa kafin ya fita. Masu gyara suna kiransa furoksi, wanda aka fi sani kuma shi ne Squid. Manhaja ce ta kyauta, tsohuwar kwamfutar da ke kwance a lungun shago ma za ta ɗauke shi. Kowane mai zama a ba shi sunan shiga da kalmar sirri, sai mai gadin ya riƙa rubuta wane ya shiga ina, ya sha nawa. Yana kuma iya rage wa mutum gudu ba tare da an taɓa na kusa da shi ba. Amma ka tsaya a kan mai gyaranka ya kulle saitin burauza, ya rufe hanyar fita kai tsaye. Yaran yanzu idonsu a buɗe yake, in an bar ƙofar baya, kafin la'asar sun gano ta.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa za ka ga duk abin da suke yi. Yawancin shafuka yanzu bayanansu a lulluɓe suke tafiya, sunan shafin za ka gani da yawan datar, ban da saƙonnin mutane. Hakan ya ishe ka, kuma ya fi maka kwanciyar hankali, tunda akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ka manna takarda a bango kowa ya san ana lura. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuwa ta wajabta wa masu kafe, wato shagon intanet irin naka, ajiye littafin da masu shiga ke sa hannu, to ka haɗa sunan shiga da wannan littafin.

Inda ribar take shi ne farashi. Ni ba na son a kori mai kallon bidiyo, ai ciniki ne ya kawo kansa. Ka raba kuɗin zama gida biyu: mai gwajin jarrabawa da cike fom a buɗe masa shafukan da yake buƙata kawai, ya biya kaɗan, mai son bidiyo ya biya kuɗin da zai rufe datarsa har ka samu wani abu a kai. Kafin ka yanke farashin, ka bar mai gadin ya yi sati biyu yana rubutu ba tare da ka toshe komai ba, sannan ka zauna da biro ka raba kuɗin datar da awannin da aka zauna.