Idan man dizal ya malale a ƙasar ƙanƙara, yaya ake tsabtace ta?

Tambaya: Malam, na ji an ce idan man dizal ya zube a ƙasa, ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye shi a hankali. To a wurare irin su Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, da arewacin Rasha, inda ƙasa ke daskarewa, ta yaya ake tsabtace ƙasar da mai ya gurɓata? Kuma tana sake yin amfani ko zubar da ita ake yi?

Amsa: Bakteriyar suna nan har a can, irin su Rhodococcus da Pseudomonas, kuma suna cin mai. Sai dai aikinsu na tafiyar hawainiya ne. A ƙiyasin da aka saba amfani da shi, duk sanyin da ya ƙaru da digiri 10, saurin aikinsu kan ragu da kusan rabi, ga shi kuma saman ƙasar ba ya narkewa sai na 'yan watanni a shekara. Shi ya sa man da ya zube a can kan shafe shekaru gommai yana nan daram idan ba a taɓa shi ba.

Sai an fahimci yadda ƙasar take kafin a gane aikin. A ƙasa akwai daskararren ɓangare wanda ba ya narkewa shekara da shekaru. A samansa akwai ɓangaren da ke narkewa da bazara, ya sake daskarewa da hunturu. Mai yakan nutse har ya tarar da daskararren ɓangaren, sai ya bi gangare yana yaɗuwa a kansa. Da ƙanƙara ta fara narkewa, ruwan ya kwashe shi zuwa tafki ko teku. Haka man dizal fiye da tan 20,000 da ya kwarara daga wani tanki a Norilsk ta ƙasar Rasha a watan Mayun 2020 ya shiga koguna cikin 'yan kwanaki.

Don haka ba da haƙa ake farawa ba, da tare ruwa ake farawa. A tashar bincike ta Casey, mallakar Ostareliya a Antaktika, inda mai ya zube kusa da gidan janareta a 1999, an gina shinge a gangaren wurin: katanga biyu masu karkato da ruwa zuwa ƙofa guda, a ƙofar kuma aka jera kejin ƙarfe cike da gawayi na musamman da wani dutse mai suna ziyolait. Gawayin ya kama man, ziyolait ya riƙa sakin sinadarin taki kaɗan-kaɗan domin bakteriya su ci abin da aka kama. Illar wannan shinge ita ce daskarewa da narkewa suna farfasa gawayin da dutsen da ke cikinsa, ruwa ya ɓalle hanya ya wuce ba a tace shi ba. Dole a riƙa auna ruwan da ke fita, a kuma sauya kayan ciki idan sun cika.

Sannan a haƙe gurɓatacciyar ƙasar a tara ta tsibi-tsibi. A Casey an fara wannan a 2011. Ana shimfiɗa tabarmar yumbu da roba mai kauri a ƙarƙashi, a ɗaga gefuna kamar kwano don kada ruwa ya tsere, a sa rariya a kusurwa inda ruwan da ya tsatso zai taru a zuƙe shi. Ana tace manyan duwatsu, a bi cikin tsibin da bututu masu huji don iska ta ratsa, a rufe sama da baƙin mayafi mai hana iska kwashe ƙura, wanda kuma ke ɗan jawo zafin rana. Lokaci-lokaci motar haƙa ta juya ƙasar, domin inda iska ba ta kai ba aikin yakan tsaya cik. Ramin da aka haƙa kuwa ba a barinsa a buɗe, don rana za ta narkar da daskararriyar ƙasar da ke ciki, wurin ya lotsa, har ginin da ke kusa ya tsage.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen zuba taki. Ƙasar yankunan nan ba ta da naitirojin sosai, don haka bakteriya na buƙatar taki irin su uriya. A wurare masu ɗumi an saba bin ma'aunin kashi 100 na kabon, 10 na naitirojin, 1 na fosfaras. Wanda ya kwafi wannan ma'auni ya kai shi Antaktika zai kashe ma'aikatansa, wato bakteriyar, da hannunsa. Dalili kuwa, ƙasar tsakuwa ce da yashi, ba ta riƙe ruwa, kuma da ta fara daskarewa ɗan ruwan da ya rage sai ya zama kamar ruwan gishiri, ya tsotse bakteriyar. Manomi ya san yadda taki ke ƙone shuka idan aka zuba shi ba damshi. Abin da ke faruwa ke nan. Saboda haka ana lissafa takin ne bisa yawan ruwan da ke cikin ƙasar, a kuma zuba shi kashi-kashi. Idan ya yi yawa, sinadarin naitirait na iya taruwa, wanda shi kansa guba ne, sai a kawar da wata matsala a haifi wata.

Ba a kuma shigo da bakteriya daga waje. Yarjejeniyar Madrid ta 1991 kan kare muhallin Antaktika, wadda ta fara aiki a 1998, ta hana kai baƙin halittu Antaktika ba tare da izini ba, don haka da na gida ake aiki.

Game da sake amfani da ƙasar: ana yi, kuma a ganinmu shi ne daidai. Ƙasar da ba ƙanƙara a kanta ba ta kai kashi 1 cikin 100 na Antaktika ba, kuma a nan ne galibin tsirrai da tsuntsaye suke. Ɗebo sabuwar ƙasa don gini ɓarna ce, loda gurɓatacciya a jirgin ruwa zuwa wata nahiya kuma tsada ce mai yawa. A Casey, bayan wasu shekaru na jinya, an yi amfani da wani kaso na ƙasar a harsashin gini. Amma a lura, ba a mayar da ita bakin tafki ko inda gansakuka ke tsirowa. Sassan man masu sauƙi ne ke fara tafiya, wasu ta hanyar tururi, masu nauyin kuma su daɗe. Kafin a amince, ana ɗibar samfuri daga wurare da dama na tsibin, har da tsakiya da ƙasansa, a auna miligiram nawa na mai ya rage a kowane kilo, a jiƙa ƙasar a ga abin da ruwa zai iya wankowa, a duba ragowar taki. Bayan an binne ta ma, ana ci gaba da auna ruwan da ke gangarowa daga wurin a kowace bazara.