Yaron da ya yi shiru a wani ƙauyen Sin

Tambaya: Ina sarin kaya a Guangzhou. Wata mai shago da muke hulɗa ta ce ɗanta mai shekara 14 yana ƙauye a hannun kakarsa, sau ɗaya suke ganinsa a shekara. Da suka je bikin sabuwar shekara, ubansa ya zane shi don ya faɗi jarrabawa. Tun lokacin ya daina magana, kullum yana kan waya. Taurin kai ne ko cuta?

Amsa: Alhaji, ban kira wannan taurin kai ba. Yaron yana cikin waɗanda Sinawa ke kira yaran da aka bari a baya. Tsarin rajistar gida na hukou yana ɗaure makaranta da garin asali, shi ya sa iyaye ke tafiya birni ci-rani su bar 'ya'ya ga tsofaffi. A 2016 hukuma ta ƙirga irinsu sama da miliyan 9.

Dukan ya yi ɓarna, amma abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ya zo. Yaro ya shekara yana jiran ubansa, ya iso, tambayar farko ita ce maki nawa ya ci, sai kuma bulala. Darasin da ya ɗauka shi ne ba shi da daraja sai da sakamako. Sinawa na da karin magana cewa ƙarƙashin sanda ɗa mai biyayya ke fitowa, amma mu abin da muke gani a asibiti daban ne: rashin barci, ciwon kai da na ciki ba dalili, faɗa a makaranta, wani ma har ya riƙa yankar hannunsa yana rufewa da doguwar riga. Wayar nan mafaka ce. In an ƙwace ta ba a taɓa ciwon ba.

Kada a raina shirun. A Yunin 2015, a Bijie ta lardin Guizhou, yara huɗu 'yan gida ɗaya da aka bari su kaɗai suka sha maganin ƙwari suka rasu. Har yau abin yana min ciwo.

Dokar hana cin zarafi a gida ta 2016 ta haɗa da yara, don haka dukan ya tsaya. Ka ce wa uwar ta riƙa kiransa kullum, ko minti biyar ne, ba zancen makaranta. Ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta jefa masa tunanin. Akwai layin taimakon matasa, 12355. In shirun ya wuce mako biyu, ko ya daina cin abinci, ta je da kanta ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa.