Ɗana ya yi wata biyu bai sha tramol ba, da ya dawo gida ya koma

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce a Aboabo, nan Kumasi. Ɗana na biyu shekararsa 24, tuƙin pragya yake yi, wato keke mai ƙafa uku na haya. Shekara uku ke nan yana shan tramol, yanzu an ce har da wadda suke kira Red. Sau biyu yana faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Bara muka kai shi wurin wani malami a ƙauye ya yi wata biyu, ashe har mari aka sa masa a ƙafa. Ya dawo ya yi ƙiba, ya kama salla, muka yi ta godiya ga Allah. Ba a yi sati uku ba ya koma. Babansa ya ce ya bar masa gida, gwaggonninsa kuma sun ce a yi masa aure zai natsu. Ni na rasa na kamawa. Ina muka kuskure, kuma me ya rage mana?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara miki haƙuri.

Bari in fara da faɗuwar nan, don ita ce ba ta jira. Tramol magani ne na kashe zafin ciwo, kuma wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta amince da ita mai miligiram 50 ce da mai 100. Wadda ake sayarwa a lungu kuwa 120 ce, ko 225, ko 250. Likita ba ya wuce wa babban mutum miligiram 400 a yini guda. Yaron da ya haɗiye 225 guda biyu da lemon ƙarin kuzari da sassafe ya riga ya ƙetare wannan iyaka tun kafin ya ɗauki fasinjan farko, kuma yawanta ne ke kawo shure-shuren da kika gani. Red ta fi muni. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna haɗin ƙwayoyi biyu ne, tapentadol da karisoprodol, ɗaya mai kashe zafi ɗaya mai sassauta jijiyoyi, idan sun haɗu sai su danne numfashi. A watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya bi sawun irinta har wani kamfani a Mumbai, daga nan gwamnatin Indiya ta haramta haɗin.

Don haka kowa a gidanku ya san wannan. Idan ya faɗi yana shure-shure, a janye abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi, idan ya lafa a kwantar da shi ta gefe. Idan kuwa barci ya yi nauyi ana girgiza shi ba ya tashi, numfashi jefi-jefi da wani irin minshari, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, to ba barci ba ne. Kada a ɗura masa madara ko manja, huhu za su tafi. A kira 112 ko a sa shi a mota sai asibiti, a faɗa wa ma'aikata ainihin abin da ya sha ba tare da jin kunya ba, akwai allurar nalokson da ake yi don dawo da numfashi. Kuma mai faɗuwa irin wannan bai kamata ya riƙe kan pragya ba sai likita ya gan shi. Ran fasinja ma rai ne.

To, ina aka kuskure? Ba a kan niyya ba. Abin da aka yi a ƙauye shi ne raba jikinsa da ƙwayar, wanda shi ne mafi gajeren ɓangaren aikin, ko da yake shi ya fi tayar da hankalin iyaye. Mai shan tramol idan ya tsaya, cikin yini guda jiki zai fara nema: hamma, majina da hawaye, gumi, ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki da zawo, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya da dare. Abin yakan kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin mako guda ko kwana goma. Tramol tana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda magungunan ciwon damuwa ke taɓawa, shi ya sa wani idan ya yanke ta lokaci guda sai firgita, faɗuwar gaba, wani har gane-gane, dangi su ce ai iska ce ta shige shi. A asibiti a hankali ake rage ta, a ba da abin da zai sassauta wahalar.

Bayan wannan ne aikin gaske yake farawa. Rashin barci, kasala, saurin fushi da jin duniya ta yi lami, waɗannan sukan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. A cikin wannan hali ɗanki ya dawo Aboabo. Ya tarar da mai pragya na jiran kuɗinsa na kullum yamma, ya tarar da majalisar atayarsu inda ya bar ta, mai sayar masa kuma yana da lambarsa. An kwashe ruwa daga ɗaki ne, kwanon da ke yoyo yana nan ba a taɓa shi ba. Ni kusan sati ukun da ya riƙe kansa ma na ɗauke shi alama mai kyau. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar shaye-shaye sukan koma, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke sake tashi ba. Sai dai komawa bayan hutu ta fi kowace haɗari, domin jiki ya manta da ƙwayar, adadin da yake sha a da yana tuƙi yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. Wannan a faɗa masa ƙarara ko da ransa zai ɓaci.

Tambayar da nake fara yi wa irin ɗanki idan ya zauna gabana ita ce: me ƙwayar take yi maka? Amsar takan bambanta. Wani zai ce daga asuba zuwa goman dare yake kan hanya tsakanin Aboabo, Asawase da Alabar, bayansa ciwo yake kamar zai ɓalle, in bai sha ba ba zai haɗa kuɗin mai keke ba. Wani barci ne ba ya samu. Wani tun rasuwar wani nasa ko faɗuwa jarrabawa zuciyarsa ba ta koma daidai ba, ƙwayar ce kaɗai ke ɗage masa ƙuncin na awa shida. Kowace amsa da maganinta. Mai ciwon baya a duba bayan, a rage masa awannin aiki. Mai ciwon damuwa a yi masa maganin damuwar tare da na shaye-shayen lokaci guda, in ba haka ba ɗayan zai jawo ɗayan. Ke ma ki tambaye shi kai tsaye ko yakan ji ya gaji da rayuwa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, kuma tun 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, ba wanda zai kama shi don ya faɗi gaskiya.

Maganar mari kuwa, ba zan ɓoye miki ra'ayina ba: kada a sake. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kare mutuncin majinyaci, a 2017 kuma hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sanar da haramta ɗaure marasa lafiya da sarƙa ko a ina ne. Ban da doka, yaron da aka taɓa ɗaurewa yakan koyi abu guda, wato ɓoye wa iyayensa. Wannan ba yana nufin a bar addu'a ba. Malamin da na fi so a wannan aiki shi ne limamin unguwa da zai lura idan yaron bai zo Asuba ba, ya kira shi gefe ba a gaban jama'a ba. Hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta yakan taimaka wajen shawo kan iyaye maza su yarda da asibiti.

A nan Kumasi akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wato Gee, akwai kuma a asibitin gwamnati na Tafo, sannan asibitocin gundumomi suna da ma'aikatan jinya na wannan fanni waɗanda har gida sukan bi majinyaci. Idan aka ga sai ya zauna watanni nesa da unguwa, asibitocin Pantang a Accra da Ankaful kusa da Cape Coast suna da sashen masu barin ƙwaya, amma ki tambayi kuɗin tun da wuri. Ki sabunta masa katin inshorar lafiya, domin tun ƙarshen 2024 an sa ciwon damuwa da na fargaba cikin abin da take ɗauka. In tsoron 'yan sanda ke hana shi zuwa, dokar 2020 da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NACOC ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin shansa tara maimakon ɗaurin shekaru. Mai sayarwa ne har yanzu ke fuskantar kurkuku.

Sauran aikin na gida ne, kuma shi ya fi tsawo. Kuɗi a hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a dakatar na wani lokaci, in abinci ne a ba shi abinci, in magani ne a saya masa. Ya sauya layin waya. Ya riƙa cin abincin safe kafin ya fita, ko koko da ƙosai ne, don yawancinsu da ƙwaya suke karya kumallo. Awannin da suka fi wuya su ne daga La'asar zuwa bayan Isha, lokacin majalisa, a nema musu abin cikewa: ƙwallo, karatun dare, rakiyar kawunsa shago. Zaman banza ba zai yi ba. Idan yana da sha'awar aikin hannu a nema masa maigida a Suame Magazine, unguwar makanikai, amma a gaya wa maigidan gaskiya, don can ma ƙwayar tana yawo. Sannan duk ranar da aka ba shi a asibiti wani babba ya raka shi, har wata shida ko shekara, ko da ya yi ƙiba ya kama salla kamar wancan karon.

Aure ba magani ba ne, a gaya wa gwaggonninsa cikin ladabi. Ɗora wa wanda bai iya ɗaukar kansa ba nauyin ciyar da 'yar mutane ƙarin dalilin sha ne. Kuma, ki yi haƙuri da maganar, akwai samarin da saboda shimfiɗa suke shan tramol, irin wannan aure ƙara masa zai yi. Idan ya shekara tsaye da ƙafarsa, sai a yi maganar, ita ma yarinyar da iyayenta a sanar da su.

Babansa kuma fushinsa yana da dalili, kada ki tsaya jayayya da shi a kan haka. Abin da za ki roƙa shi ne ya mayar da korar sharaɗi: ba a shigo da ƙwaya gidan nan, ba a taɓa kayan kowa, ba a ɗaga wa kowa hannu, kuma ranar asibiti ba fashi. Wanda aka kora ba ya rasa masauki, masu sayar masa ne za su karɓe shi. In har akwai duka ko barazana da makami, wannan daban, tsaron ƙannensa ne a gaba.

Idan kika yi masa magana ya ƙi zuwa, ki zaɓi safiya kafin ya sha, ke da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, ba taron dangi ba. Ki ce faɗuwar da yake yi kike so a duba, wannan ya fi sauƙin karɓa a kan a ce masa za a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. In ya ƙi duk da haka, ke ki je Tafo ko Gee ki zauna da ma'aikaciyar jinya, ki tafi da fankon ƙwayar idan kin tsinta a aljihunsa, a auna miki hawan jini tunda kin je. Doka ta ba da hanyar kwantar da mutum ba da son ransa ba idan ya zama haɗari ga kansa ko ga wasu, amma ta hannun likita da kotu ake bi, su za su nuna miki yadda ake yi.