Fasfona na Najeriya ya ƙare aiki, zan iya zaɓe da shi a Ingila?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Manchesta, ina digiri na biyu. Ƙawata ta ce wai mu 'yan Najeriya muna da damar yin zaɓe a nan amma sai da katin shaida mai hoto, ni kuma fasfona ya ƙare aiki ban sabunta ba, sannan ina sa niƙabi. Dan Allah ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ƙawarki ta yi gaskiya. Najeriya na cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, kuma dokar Birtaniya ta ba ɗan irin waɗannan ƙasashe damar zaɓe matuƙar ya kai shekara 18 kuma yana da izinin zama, bizar karatu ma ta isa. Ɗan Gana da ɗan Kamaru haka, amma 'yan uwanmu na Nijar da Chadi ba sa cikin ƙungiyar, wannan ƙofar ba ta buɗe musu ba.

Maganar hoto kuma sabuwa ce. Da can a Ingila sunanka da adireshinka kawai za ka faɗa a miƙo maka takardar ƙuri'a, sai dokar zaɓe ta 2022 ta zo, aka fara aiki da ita a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayun 2023. Fasfon Najeriya na cikin abin da ake karɓa, kuma ko ya ƙare aiki ba komai in dai hoton ciki har yanzu ke ce. Amma ainihin littafin za ki riƙe a hannu, koren nan, banda fotokwafi banda hoton da kika ɗauka a waya, katin makaranta ma ba ya yi. Kuma ba sa ɗaga ƙafa, tsohon firaminista Boris Johnson da gwamnatinsa ta kawo dokar sai da aka mayar da shi a 2024 saboda bai zo da shaida ba, ya je ya dawo.

To ga inda mutanenmu suka fi tuntuɓe, kuma shi ne ya fi damuna. Fasfo shaida ce kawai cewa ke ce ke, ba ya sa sunanki a rajista. In ba ki yi rajista ba ko sabo fil kika kai babu abin da ma'aikacin zai iya miki, zai bi jerin sunayen gabansa da biro har ƙasa ya ce ba kya ciki, shikenan. Ana yin rajistar a shafin gov.uk, 'yan mintuna ne, za su nemi lambar inshorarki ta NI in kina da ita, kuma ana rufewa kwanakin aiki 12 kafin ranar zaɓe. Ki rubuta sunanki daidai yadda yake a fasfo, kin san halinmu, a nan Aisha a can A'ishatu, ko an ƙara sunan miji bayan aure, irin wannan ɗan bambancin kan jawo dogon bayani a bakin teburi.

Niƙabi kuwa kar ya hana ki fita. Dole za a ga fuskarki a gwada da hoton, amma kina da haƙƙin cewa a duba ki a keɓe, kuma ki nemi mace ta duba in akwai ta a rumfar, ki ɗaga ki mayar ki karɓi ƙuri'arki.

In kuma kin tura fasfon sabuntawa ba ya hannunki, ki nemi takardar shaidar mai zaɓe da suke kira Voter Authority Certificate, kyauta ce, hoto da bayananki za ki tura, amma kafin ƙarfe 5 na yamma saura kwanakin aiki 6. Hukumar zaɓensu ta ce kusan mutum 14,000 ne suka je rumfa a 2023 suka kasa zaɓe saboda rashin shaida, wallahi bana so ki shiga irin wannan lissafin alhali haƙƙinki ne.

Kar ki haɗa da na gida fa, a zaɓen 2023 a Najeriya katin PVC kaɗai aka karɓa a tantance da na'urar BVAS, fasfo bai yi aiki ba. A Ingila kuma rumfa na buɗe daga 7 na safe har 10 na dare, yawanci ranar Alhamis, ko bayan lacca kika tsaya za ki samu.